Tarihin Grace Hopper: Matar Da Ta Yi Wa Kwamfuta Tafinta, Ta Kuma Tsufa Tana Bin Diddigin Kurakuransa



Duk ɗan kasuwar da ya saba tsallaka iyaka ya san darajar tafinta. Kai kana jin Hausa, ma'aikacin duwan yana Faransanci, mai kayan da ke can bakin teku kuma yana Ingilishi. Idan wanda ya tsaya a tsakaninku ya juya lamba guda, ya ce hamsin a inda aka ce goma sha biyar, to a kanka asarar za ta faɗa, kuma ba za ka farga ba sai ranar lissafi.

To ita ma na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tana da nata tafinta. Na'urar ba ta jin harshen kowa, abin da ta sani kawai shi ne sifili da ɗaya. Masu rubuta mata umarni suna rubutu ne da kalmomi da alamomin da mutum zai iya karantawa, sannan wata manhaja ta musamman ta juya rubutun zuwa lambobin da na'urar ke ganewa. Turawa suna kiran wannan manhaja kompaila, ma'ana mai harhaɗawa, mu kuwa a nan za mu kira ta tafinta. Wayar da ke aljihunka da na'urar cire kuɗi ta banki, duk umarnin da ke cikinsu ta hannun irin wannan tafinta ya biyo.

Matar da muka kawo maku tarihinta a yau, Grace Hopper ta ƙasar Amurka, tana cikin mutanen farko da suka ƙirƙiro wannan tafinta. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙirƙirar ba ta ɗauke ta fiye da ƴan watanni ba, alhali kuwa gyara da gwaji da farautar kurakurai sun ci mata shekaru kusan arba'in.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Grace Brewster Murray a birnin Niyok ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 1906. Ita ce babba a cikin ƴaƴa uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma mace ce mai sha'awar lissafi. Ana ba da labarin cewa tun tana da shekara bakwai ta kwance agogon tebur mai ƙararrawa don ta ga abin da ke motsa shi. Da ta kasa mayar da shi sai ta ɗauko wani ta kwance, har sai da ta wargaza agogo bakwai kafin mahaifiyarta ta gane, ta ƙayyade mata guda ɗaya.

Tana da shekara 16 ta nemi shiga kwalejin mata ta Vassar, aka ƙi ɗaukarta saboda ba ta ci jarrabawar harshen Latin yadda ake so ba. Ta sake shiri, aka ɗauke ta a shekarar da ta biyo baya. Ta kammala a 1928 da digiri a fannin lissafi da kimiyyar fiziks, ta wuce jami'ar Yale inda ta yi digiri na biyu a 1930, ta kuma sami digirin dakta a lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kai wannan matsayi ba su taka kara sun karya ba. A 1930 ta auri wani malami mai suna Vincent Hopper. Auren ya mutu a 1945 ba tare da sun haihu ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta. Tun daga 1931 take koyar da lissafi a Vassar.

Shigarta aikin soja

Bayan da Japan ta kai hari a sansanin Pearl Harbor a watan Disamba na 1941, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Grace ta nemi shiga sojan ruwa, aka mayar da ita. An ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta ya gaza abin da doka ta tanada da kusan kilo 7, sannan aikin koyar da lissafi da take yi ya fi amfani ga ƙasa. Ba ta haƙura ba, har sai da aka yi mata sassauci, ta shiga rundunar sojan ruwa ta ko-ta-kwana, ɓangaren mata, a watan Disamba na 1943. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu na horo, aka ba ta muƙamin ƙaramar laftana, aka tura ta jami'ar Harvard a tsakiyar 1944 don ta yi aiki a ƙarƙashin Kwamanda Howard Aiken.

A can ta tarar da wata ƙatuwar na'ura mai suna Mark I wadda kamfanin IBM ya ƙera. Tsawonta ya kai mita 16, nauyinta ya haura tan 4. Tana iya tara lambobi sau uku a cikin daƙiƙa guda, ninkawa kuwa sai ta ɗauki daƙiƙa shida. Na'urar lissafi ta hannu da ke kan teburin kowane mai shago a yau ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma a wancan lokaci abin al'ajabi ce. Dare da rana take aiki, tana fitar da lissafin da sojan ruwa ke buƙata wajen saita manyan bindigogi da makamantansu.

Ana ba wa na'urar umarni ne ta hanyar wata doguwar takarda mai huje-huje. Idan aka huda rami a inda bai dace ba, sai a yanko guntuwar takarda a liƙe ramin, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke. Har yau, masu wannan sana'a faci suke kiran ɗan gyaran da ake yi wa manhaja, duk da cewa babu sauran takardar da ake liƙewa. Grace ce ta rubuta mafi yawan littafin da ke bayanin yadda ake sarrafa wannan na'ura, mai shafi fiye da 500, wanda ya fito a 1946.

Ƙwaron da aka manna a littafi

Ranar 9 ga watan Satumba na 1947, sabuwar na'urar Harvard mai suna Mark II ta sami tangarɗa. Da ma'aikata suka bincika sai suka tarar da wani ƙwaro mai fukafukai, irin wanda ke bin fitila da dare, ya maƙale a cikin ɗaya daga cikin makunnan na'urar, mai lamba 70. Suka ciro shi suka manna shi a littafin da ake rubuta abubuwan da suka faru a kowace rana. Wannan littafi yana nan a ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washinton, da ƙwaron a jikinsa.

Mutane da dama suna cewa Grace ce ta ciro ƙwaron, kuma daga ranar ne aka fara kiran kuskuren na'ura da sunan ƙwaro. Ba haka abin yake ba. Abokan aikinta ne suka gano shi, kuma injiniyoyi sun daɗe suna amfani da wannan kalma, don kuwa Thomas Edison ya yi amfani da ita tun a 1878. Ita dai ta yi ta ba da labarin a wuraren lacca har ya bazu a duniya. Abin lura a labarin shi ne littafin kansa: kowace tangarɗa ana rubuta lokacin da ta faru, da wurin da aka same ta, da abin da aka yi a kai. Wannan ɗabi'a ta rubuta kuskure maimakon ɓoye shi ita ce tushen sana'ar gyaran manhaja har gobe.

Yadda tafinta ya samo asali

A 1949 Grace ta bar Harvard ta koma birnin Filadelfiya, ta kama aiki da kamfanin Eckert da Mauchly, wanda kamfanin Remington Rand ya saye a 1950. Su ne suka ƙera UNIVAC, kwamfutar farko da aka yi don sayarwa ga ofisoshi da kamfanoni a Amurka, wadda hukumar ƙidayar jama'a ta karɓa a 1951.

Tun a Harvard ta lura da wata matsala. Masu rubuta umarni suna da littattafan aljihu inda suke ajiye guntayen lissafin da aka riga aka gwada aka tabbatar suna aiki. Duk wanda ya buƙaci wani guntu sai ya ara ya kwafa da hannu, ya kuma sake lissafa gurbin da kowane layi zai zauna a ƙwaƙwalwar na'ura. A nan ne kurakurai ke shigowa: wannan ya kwafi harafi a matsayin lamba, wancan ya yi kuskuren tarawa. Kamar dai yaron shago ne da ke kwafe bashi daga tsohon littafi zuwa sabo. Komai natsuwarsa, wata rana sai ya tsallake layi.

Sai ta yi tunanin cewa ai kwafa da tarawa su ne aikin da na'ura ta fi mutum iyawa. Tsakanin 1951 da 1952 ta tattara guntayen da aka tabbatar da ingancinsu a kan zaren faifai, ta ba kowanne lambar kira. Mai rubutu zai jera lambobin da yake so, na'urar da kanta ta nemo su, ta kwafa, ta jera su a gurabensu. Ta sa wa wannan tsari suna A-0, ta kuma yi bayaninsa a gaban taron masana a birnin Pittsburgh a watan Mayu na 1952. Masana na yau suna cewa A-0 ya fi kama da mai haɗa guntaye fiye da cikakken tafinta, amma daga nan hanya ta buɗe.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. Ƙwararrun lokacin suna ganin na'ura ba za ta taɓa rubuta umarni mai tsafta kamar na hannunsu ba, kuma suna da ɗan gaskiya, domin A-0 yana da nawa da kurakurai. Ita da ma'aikatanta suka zauna gyara, suka fitar da A-1, sannan A-2 a 1953. A nan ta yi wani abu da ba a saba gani ba: aka ba masu sayen UNIVAC ainihin rubutun tafintan kyauta, aka roƙe su da su duba, duk wanda ya ga kuskure ko ya sami hanyar da ta fi, ya aiko. Gyare-gyare suka riƙa zuwa daga ofisoshin soja da na kamfanoni. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma ta gane haka tun da wuri.

Harshen da aka yi don ƴan kasuwa

A 1954 aka naɗa ta shugabar sashen da ke kula da wannan aiki a kamfanin. Hankalinta kuwa ya riga ya koma kan masu lissafin albashi da masu kula da sito da akawun banki, waɗanda ba su san alamomin manyan masana lissafi ba. Ta ba da shawarar a yi tafintan da zai karɓi umarni da kalmomin Ingilishi na yau da kullum, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya. Shugabanninta suka ce ba zai yiwu ba. A farkon 1955 ta nuna masu samfuri yana aiki. Don ta tabbatar masu cewa na'ura ba ruwanta da kowane harshe, ta sake rubuta umarnin da kalmomin Faransanci da na Jamusanci, na'urar ta aiwatar. Wannan ya tayar wa shugabannin hankali maimakon ya burge su, aka tsaya a kan Ingilishi kaɗai. Sunan wannan harshe FLOW-MATIC, kuma ya isa hannun masu saye a 1958.

Sai wata sabuwar matsala ta taso. Kowane kamfani yana ƙirƙiro nasa harshe, wanda ba ya aiki a na'urar wani. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ke sayen na'urori daga kamfanoni daban-daban, ta ga kuɗinta na zurarewa wajen sake rubuta abu guda sau da yawa. A ƙarshen watan Mayu na 1959 aka kira taro a Pentagon, aka kafa kwamitin da zai samar da harshe ɗaya na harkokin kasuwanci, wanda aka sa wa suna COBOL. Grace mai ba da shawara ce ga kwamitin. Ba ita ta rubuta harshen ba. Mutum shida ne suka tsara daftarin, cikinsu har da mata biyu, Jean Sammet da Gertrude Tierney. Amma a kan tubalin FLOW-MATIC aka ɗora mafi yawansa. A ranakun 6 da 7 ga watan Disamba na 1960 aka ɗauki umarni iri ɗaya aka gwada shi a kan UNIVAC II da kuma RCA 501, na'urorin kamfanoni biyu masu gasa da juna, duka suka yi aiki.

Wata shida da suka zama shekara 19

A ƙarshen 1966, da ta cika shekara 60, doka ta tilasta mata yin ritaya daga sojan ruwa da muƙamin kwamanda. Ba a yi shekara ba, a watan Agusta na 1967, aka sake kiranta, aka ce aikin wata shida ne.

Ga abin da ya faru. Sunan harshen dai ɗaya ne, COBOL, amma kowane kamfani ya yi nasa tafinta, ya ƙara wani abu, ya rage wani, ya fassara wata ƙa'ida yadda ya ga dama. Umarnin da ya yi aiki a wannan sansani sai ya ƙi aiki a wancan, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yi aiki amma ya ba da amsa daban. Ku ƴan kasuwa kun san wannan ciwo: kowa yana cewa tiya, amma tiyar wannan kasuwa ba ta kai ta waccan ba. Kuma kuskuren tafinta ya fi na kowa haɗari. Idan mai rubuta manhaja ɗaya ya yi kuskure, manhajarsa kaɗai ta lalace. Idan kuwa tafinta ne ke da aibi, to duk abin da ya bi ta hannunsa yana iya ɗaukar aibin, kuma mai rubutun zai kwana yana zargin kansa alhali rubutunsa daidai yake. Sikelin da ya karkace ba buhu ɗaya yake cuta ba.

Aka ba ta ofis a Pentagon da ƴan ma'aikata kaɗan, akasarinsu matasa. Daga 1967 zuwa 1977 ita ce shugabar sashen harsunan kwamfuta na sojan ruwa. A 1968 Amurka ta fitar da ƙa'idar COBOL ta ƙasa, amma ƙa'ida a takarda ba ta hana kowa yin abin da ya so. Abin da ita da yaranta suka yi shi ne, suka rubuta tarin ƙananan umarni na gwaji, kowanne yana taɓa ƙa'ida guda, kuma an riga an san amsar da ya kamata ya bayar. Sai a ba tafintan kowane kamfani ya fassara su, a duba sakamako ɗaya bayan ɗaya, a rubuta inda ya ci da inda ya faɗi. Kamfanin da ke son gwamnati ta sayi kayansa dole ya koma ya gyara. Ɗaya daga cikin matasan, George Baird, ya sami lambar yabo a 1974 saboda wannan aiki. An yi irin wannan gwaji ga harshen FORTRAN na masana kimiyya, kuma a shekarun 1980 hukumar ma'auni ta ƙasar Amurka ta karɓi aikin gaba ɗaya.

Aiki ne marar armashi, babu bikin buɗewa, babu yanke ƙyalle. An sabunta ƙa'idar COBOL a 1974, aka sake a 1985, kuma kowane sabuntawa yana nufin sabon gwaji da sabon gyara. An sake yi mata ritaya a 1971, aka sake kiranta a 1972. Ta zama kyaftin a 1973, shugaba Ronald Reagan ya ƙara mata girma zuwa kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985.

Tsufanta da rasuwarta

A shekarunta na ƙarshe ta zama mai yawon lacca. Takan zo da guntayen waya masu tsawon santimita 30 ta rarraba wa jama'a, ta bayyana cewa iyakar nisan da wutar lantarki ke iya tafiya kenan a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Sannan ta ɗaga wani nannaɗaɗɗen waya mai tsawon mita 300, wanda ke daidai da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don masu rubuta manhaja su ga da idonsu abin da suke ɓarnatarwa idan suka yi sakaci. A ofishinta akwai agogon bango da ke juyawa ta hagu, don ta nuna wa baƙi cewa sabo da abu ba shi ne hujjar ingancinsa ba.

Ta yi ritayar ƙarshe ranar 14 ga watan Agusta na 1986, a wani biki da aka yi a kan tsohon jirgin ruwan yaƙi mai suna Constitution a birnin Boston. Tana da shekara 79, kuma a lokacin babu hafsan da ya girme ta a cikin masu bakin aiki a sojan ruwan Amurka. Ko hutawa ba ta yi ba ta kama aikin ba da shawara a kamfanin Digital Equipment. A 1991 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa kan fasaha. Ta rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1992 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Bayan rasuwarta an sa wa wani jirgin yaƙi sunanta, wanda ya fara aiki a 1997, kuma a 2016 shugaba Barack Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka.

Abin da ta bari

Waɗanda suka tsara COBOL a 1959 sun ɗauka maganin wucin gadi suke yi. Sai ga shi bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin haraji sun ɗora lissafinsu a kansa shekara da shekaru. Da shekarar 2000 ta gabato, aka tuna cewa tsofaffin manhajoji da yawa suna rubuta shekara da lamba biyu kacal, ta yadda za su iya ɗaukar 2000 a matsayin 1900. Aka yi ta kiran tsofaffin ma'aikata suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, kuma saboda an yi gyaran kafin lokaci, ranar ta zo ta wuce ba tare da babbar ɓarna ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, domin tsohon tsarin biyan tallafin marasa aiki ya kasa ɗaukar yawan masu nema.

Su ma tafintocin har yanzu ana kan gyaransu. Akwai wani babban tarin tafintoci mai suna GCC da aka fara fitarwa a 1987, wanda kowa ke iya duba rubutunsa ya aiko da faci, kamar yadda aka yi da A-2 a 1953. Masu kula da shi suna da dubban gwaje-gwaje. Duk kuskuren da aka gano akan mayar da shi sabon gwaji don kada ya dawo ta bayan gida, kuma kafin a karɓi gyara sai an sake bin gwaje-gwajen, saboda ɗinke ɓaraka a nan yana iya buɗe wata a can. A 2025 aka ƙara wa wannan tari tafintan COBOL, shekara 66 bayan taron Pentagon.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ka tura kuɗin kaya ta waya, abokin cinikinka da ke wancan gefen iyaka ya kira ya ce sun shigo cif babu ragi, ka sani akwai waɗansu mutane da ba ka san sunansu ba, waɗanda aikinsu kullum shi ne duba sikelin da aka auna lissafin da shi. Wannan sana'a tasu, wata malamar lissafi da aka taɓa ƙi ɗauka soja saboda rashin nauyi tana cikin waɗanda suka kafa ta.

Sai mun sake saduwa a fito na gaba, inda za mu kawo maku tarihin wani. A yi ciniki lafiya.